Lissafi da Fiziks a Rubutun Gem: Tambayoyin da Ɗalibaina na Katsina Suka Fi Yi Mini

Duk ranar Asabar da hantsi nakan zauna da wasu matasa a wani shagon kwamfuta da ke wajen Ƙofar Ƙaura, muna koyon haɗa gem, wato wasan kwamfuta da waya. Akwai 'yan sakandare, akwai ɗaliban jami'a, akwai masu gyaran waya da sha'awa ce kawai ta kawo su, akwai kuma 'yan mata biyu da yayansu ke rako su ya jira su a waje. Zanen mutum-mutumi da saka kiɗa ba sa ba kowa wahala. Inda ake cijewa shi ne ranar da aka ce mutum-mutumin nan ya yi tsalle, ko ya yi jifa, ko ya bi wani da gudu. Daga nan sai tambayoyi su fara zuba, kuma kusan iri ɗaya ne daga wannan rukuni zuwa wancan. Ga su nan kamar yadda ake yi mini su, da amsar da nake bayarwa.

Malam, ni fa lissafi ne ya kayar da ni a jarrabawa. Anya zan iya?

Za ka iya, kuma ba don in kwantar maka da hankali nake faɗa ba. Yawancin waɗanda suka ce lissafi ya kayar da su, hadda ce ta kayar da su. An ba su fomula, an ce su riƙe, ba a taɓa nuna musu abin da take yi ba. A gem kuwa da ka canza lamba ɗaya za ka ga ƙwallo ta canza tafiya a gabanka. Gani ya kori ji.

Abin da kake buƙata da farko bai wuce tarawa da debewa da ninkawa da rabawa ba, sai lambobin da ke ƙasa da sifili, sai ƙa'idar Fitagoras, sai sayin da kosayin (sin da cos na darasin kusurwoyi), sai fomulolin motsi da aka koya maka a fiziks na babbar sakandare. Kalkulas zai yi maka amfani nan gaba, amma ba shi ne ƙofar shiga ba.

To me ya sa idan na kwafo fomular littafi na saka a gem ba ta aiki yadda nake so?

Wannan ce uwar tambayoyin, don haka zan daɗe a kanta. Duk wanda ya gane ta, sauran za su zo masa da sauƙi.

Littafi yana tambayarka ne game da ƙarshen tafiya. Ya ce an saki dutse daga kan gini, bayan sakan biyu ina yake? Sai ka ɗauko s = ½gt², inda s nisa ne, g jan ƙasa, t kuma lokaci, ka saka lambobi, ka samu amsa ɗaya, an gama. Gem kuwa bai san ƙarshen tafiya ba, domin akwai ɗan wasa riƙe da waya, yana iya danna hagu ko dama a kowane lokaci, dutsen kuma yana iya cin karo da bango a tsakiyar hanya. Saboda haka kwamfuta ba ta tambayar "ina zai kai?" Tana tambayar "a cikin ɗan ƙanƙanin lokacin nan da ya wuce, me ya canza?" Tana yin wannan tambaya galibi sau 60 a sakan ɗaya. Kowane zagaye shi ake kira firam, kuma tsawonsa bai kai kashi biyu cikin ɗari na sakan ba.

Don haka sai a datsa fomular gida biyu. A kowane firam, jan ƙasa yana ƙara wa gudu ɗan wani abu, gudun kuma yana ƙara wa matsayi ɗan wani abu:

gudu = gudu + jan_kasa × delta
matsayi = matsayi + gudu × delta

Delta shi ne tsawon lokacin firam ɗin. Layuka biyu ke nan, amma a kansu aka gina tsalle da faɗuwa da jifa da tuƙin mota. Hanyar tana ɗauke da sunan Oyila, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan da ya rayu a ƙarni na 18.

Nakan sa ɗalibai su gwada da biro kafin su taɓa kwamfuta. A ɗauki jan ƙasa a matsayin 10 don sauƙi. Littafi ya ce bayan sakan ɗaya dutse ya faɗi mita 5. Yanzu ka raba sakan ɗin gida biyu, delta ya zama 0.5. Zagayen farko gudu ya zama 5, matsayi 2.5. Zagaye na biyu gudu ya zama 10, matsayi 7.5. Ka ga an zarce. Raba shi gida goma, za ka samu 5.5. Raba shi gida sittin, za ka samu kusan 5.08. Iya ƙanƙantar yankan, iya kusantar amsar littafi. Ke nan gem ba ya ba da amsar littafi daidai wa daida, kusa da ita yake bayarwa, kuma wannan ba kuskurenka ba ne. Ka dai kula da jerin layukan: a fara sabunta gudu, sannan matsayi. Wannan jerin ya fi natsuwa, musamman a abubuwan da ke lilo ko kewayawa.

Gem ɗina yana gudu daidai a kwamfutata, amma a wayar ƙanina kamar mai ciwon ƙafa. Me ya faru?

Ka manta delta. Ina da tabbacin ka rubuta cewa mutumin ya matsa fiksil 5 a kowane firam, fiksil kuwa shi ne ɗan ƙaramin ɗigon da fuskar na'ura ke haɗa hoto da shi. Kwamfutarka tana yin firam 60, ke nan fiksil 300 a sakan. Wayar ƙaninka tana yin 30, ke nan 150. Gem ɗaya, gudu biyu.

Maganin shi ne ka daina tunani da firam, ka koma tunani da sakan. Ka ce gudunsa fiksil 300 ne a sakan, ka ninka da delta. Na'ura mai sauri za ta yi ƙananan taku masu yawa, mai nauyi ta yi manyan taku kaɗan, su isa wuri ɗaya a tare. A garin nan, inda mutum goma ke riƙe da waya iri goma, wannan ba abin wasa ba ne. Idan ka haɗa gasar sukuwar dawaki ba tare da delta ba, mai tsadaddiyar waya ne zai riƙa cinyewa.

Akwai tarko ɗaya ga masu amfani da Godot 4, ɗaya daga cikin injinan gem, wato manhajojin da ake haɗa gem da su: umarnin move_and_slide yana ninkawa da delta da kansa. Idan ka ninka gudun kafin ka ba shi, ka ninka sau biyu, mutuminka zai koma tafiyar hawainiya.

Na ce ya yi tsalle sama, sai ya nutse cikin ƙasa.

A takardar giraf ta makaranta, y yana ƙaruwa ne zuwa sama. A fuskar kwamfuta, a Pygame (kayan haɗa gem da harshen kwamfuta na Python) da ɓangaren Godot mai fuska biyu (2D, wato gefe da sama kawai), sifili yana kusurwar sama ta hagu, y kuma yana ƙaruwa zuwa ƙasa. Don haka tsalle lamba ce mai alamar debewa, jan ƙasa kuma lamba ce ta tarawa. A Unity da Scratch kuwa, su ma manhajojin haɗa gem ne, y sama yake tafiya kamar na makaranta. Kafin ka rubuta komai a sabon inji, ka fara tantance ina ne sama.

Mene ne bekta? Kuma me ya sa mutumina ya fi sauri idan ya tafi a karkace?

Idan baƙo ya tsayar da kai a Ƙofar Soro ya tambaye ka hanya, ba za ka ce masa "yi tafiyar mita ɗari uku" kawai ba. Dole ka nuna masa gabas ko yamma. Tsawo da alƙibla a haɗe, shi ne bekta. A gem lambobi biyu ne: nawa ta gefe, nawa ta sama.

Tsawon bekta kuwa aikin Fitagoras ne. Wanda ya yi taku 3 gabas, ya yi 4 arewa, nisansa daga inda ya tashi 5 ne, domin 9 da 16 sun ba da 25, lambar da aka ninka da kanta ta ba da 25 kuwa ita ce 5. Magina a nan sun daɗe suna fitar da kusurwar ɗaki da wannan uku, huɗu, biyar ɗin, da igiya da turaku.

Yanzu ga matsalarka. Danna dama yana ba da 1 ta gefe. Danna sama yana ba da 1 ta sama. Danna su tare yana ba da bekta mai tsawon 1.414, wato ƙarin kusan kashi 41 cikin ɗari. Yaran gidan gem suna gano irin wannan cikin minti biyar, sai ka ga kowa yana gudu a karkace. Gyaran shi ne a raba bektar da tsawonta don ta koma tsawon 1, sannan a ninka da gudun da ake so. A Godot ana yin haka da normalized. Idan da hannu kake rubutawa, ka tabbata tsawon ba sifili ba ne kafin ka raba, domin ba a raba lamba da sifili.

Debe bekta daga bekta kuma shi ne sirrin bin sawu. Matsayin ɓarawo a debe matsayin mai gadi, abin da ya rage shi ne hanyar da mai gadi zai bi.

Na saka jan ƙasa 9.8 kamar yadda aka koya mana, amma mutumin yana saukowa kamar audugar rimi.

Ka tambayi kanka: 9.8 na me? A fiziks mita ne a sakan, a kowane sakan. A gem ɗinka kuwa ma'aunin fiksil ne, fiksil goma kuwa bai kai faɗin farce ba. Shi ya sa Godot ya zo da 980 a ɓangarensa mai fuska biyu. Unity yana amfani da 9.81 ne domin yana ɗaukar ma'auninsa ɗaya a matsayin mita ɗaya. Dandalin gem na Roblox kuma 196.2 yake sakawa da nasa ma'aunin.

Amma shawarata ta wuce nan. Kada ka fara da jan ƙasa sam. Ka fara da abin da kake so ɗan wasa ya ji a hannunsa. Tsallen zai kai tsayin nawa? Zai ɗauki lokaci nawa kafin ya kai ƙololuwa? Idan ka zaɓi tsayi h da lokaci t, fomulolin makaranta za su ba ka sauran:

jan ƙasa = 2h ÷ t²
gudun tashi = 2h ÷ t

Misali kana so ya tsallake katanga, tsayin tsallen fiksil 120, cikin sakan 0.4. Jan ƙasa ya zama 240 a raba da 0.16, wato 1500. Gudun tashi ya zama 240 a raba da 0.4, wato 600. Saka su ka gani. Ba lalube, ba gwada lamba ɗari har dare ya yi.

Wannan shi ne wurin da na fi so a duk karatun, domin a nan ne ɗalibi ke gane cewa juya fomula, abin nan da ake ce masa ya mayar da wani harafi shi kaɗai a gefe ɗaya, aiki ne na gaske. Na ga yaron da ya ƙi jinin wannan darasi a makaranta ya zauna yana juya fomula da kansa don kawai tsallen akuyarsa ya yi kyau. Masu haɗa gem da yawa ma suna ƙara jan ƙasa lokacin saukowa fiye da lokacin tashi. A duniya ba haka abin yake ba, amma a hannu ya fi daɗi, kuma halas ne ka yi hakan muddin ka san abin da ka canza.

Ina haɗa gem na jifan mangwaro. Yaya zan sa dutse ya yi baka a sama?

Ba kai za ka zana bakan ba, shi zai fito da kansa. Ka raba gudun jifan gida biyu tun daga farko. Na gefe shi ne gudu a ninka da kosayin kusurwa, na sama kuma gudu a ninka da sayin kusurwa. Daga nan ka bar na gefe yadda yake, ka riƙa sa jan ƙasa yana cin na sama a kowane firam da layukan nan biyu da muka yi. Galiliyo ɗan Italiya ne ya bayyana a 1638 cewa waɗannan motsi biyu ba sa shiga harkar juna, kuma haɗuwarsu ce ke haifar da bakan.

Don ka tabbatar rubutunka daidai ne, gwada shi da fomular nisa: gudu a ninka da kansa, a ninka da sayin ninkin kusurwar biyu, a raba da jan ƙasa. Jifa mai gudun mita 20 a sakan, a digiri 45, zai sauka wajen mita 40.8 idan ƙasa a shimfiɗe take kuma ba iska. Digiri 45 shi ne mafi nisa, 30 da 60 kuma wuri ɗaya suke sauka. Idan gem ɗinka ya nuna haka, ka yi daidai.

Sai ka ƙara masa iskar hunturu. Ƙaramar lamba ce da za ka riƙa ƙara wa gudun gefe a kowane firam, a ninka da delta. Layi ɗaya ne, amma zai sa kowane jifa ya buƙaci tunani.

Na rubuta sayin 90, maimakon 1 sai ya ba ni 0.89. Kwamfutar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Kai da digiri kake magana, ita da radiyan take ji. Zagaye cikakke digiri 360 ne, a radiyan kuma kusan 6.283, ke nan radiyan ɗaya ya kai kusan digiri 57.3. Harsunan rubuta umarni irin su Python da GDScript da C# duk radiyan suke karɓa. Ka ninka digirinka da 3.14159 ka raba da 180, ko ka yi amfani da deg_to_rad a Godot 4. Wanda ya taso daga Scratch ya fi faɗawa wannan rami, domin can da digiri ake aiki.

Idan kuma kusurwar kake nema, misali bindiga ta juya ta kalli abokin gaba, yi amfani da atan2, ka ba shi y da farko sannan x. Shi ya san bambancin gaba da baya, tan na kalkuleta kuwa bai sani ba.

Yaya mai gadi zai san ɓarawo yana gabansa ne ko bayansa?

Da ninkin ɗigo. Ɗauki bektar inda mai gadi ke kallo, da bektar da ta tashi daga shi zuwa ɓarawo, ka mayar da kowacce tsawon 1. Ninka x da x, ninka y da y, ka tara. Idan amsar ta kusa 1, ido da ido suke. Sifili, yana gefensa. Ƙasa da sifili, yana bayansa. Amsar ita ce kosayin kusurwar da ke tsakaninsu, don haka idan ka ce sai ta wuce 0.5 zai gan shi, ka ba mai gadin ganin digiri 60 ta kowane gefe.

Dutsen danƙona yana ratsa bango ya wuce kamar aljani.

Ruwa ba ya tsami banza. Ka tuna abubuwa a gem ba tafiya suke yi ba, ɓacewa suke yi a nan su bayyana a can. Dutse mai gudun fiksil 1200 a sakan yana tsallake fiksil 20 a kowane firam. Idan kaurin bangon 10 ne, a wannan firam dutsen yana gabansa, a na gaba yana bayansa, ba a taɓa kama shi a ciki ba. Ko ka ƙara kaurin bango, ko ka rage gudu, ko kuma, wanda ya fi, ka ja layi daga inda dutsen yake zuwa inda zai je ka duba ko layin ya yanki wani abu. Unity da Godot duk suna da wannan layin bincike, suna kuma da zaɓin duba karo ba yankewa ga abubuwa masu gudu.

Shi kansa gano karo ba wuya. Ƙwallo biyu sun taɓa juna idan nisan tsakiyarsu bai kai jimillar rabin faɗinsu ba, Fitagoras ne dai ya sake dawowa. Don ƙwallo ta yi tsalle idan ta bugi ƙasa, juya alamar gudunta na sama ka ninka da lamba ƙasa da 1. Da 0.7, kowane tsalle zai kai kusan rabin tsayin na baya, domin tsayi yana bin gudu ne a ninke da kansa, 0.7 sau 0.7 kuwa 0.49 ne.

Tunda injin gem yana da fiziks a cikinsa, me zai sa in wahalar da kaina?

Gaskiya ne yana da shi, kuma ban hana ka amfani da shi ba. Angry Birds, wanda wani kamfanin ƙasar Finlan ya fitar a 2009, a kan injin fiziks na kyauta mai suna Box2D aka gina shi. Ba wanda zai zauna ya rubuta rushewar tulin akwatuna da hannu alhali ga inji.

Amma injin zai tambaye ka nauyi, da gogayya, da ƙarfin turi, kuma ba zai gaya maka abin da za ka saka ba. Wanda bai san cewa ƙarfi shi ne nauyi a ninka da ƙaruwar gudu ba, dokar Niyuton ta biyu, ba zai gane dalilin da ya sa turin da ya tashi keke ya kasa motsa tirela ba. Zai yi ta ƙara sifili a bayan lamba har abin ya tashi sama ya ɓace. Ka rubuta ƙwallo ɗaya mai faɗuwa da tsalle da hannunka ko sau ɗaya ne. Bayan haka duk akwatin da ka gani a injin za ka san me ke bayansa.

Ni dara nake so in mayar gem. Ita ma sai da fiziks?

A'a, dara lissafin gurbi ce zalla, kuma zaɓi ne mai kyau ga mai farawa. Fili mai layi 5 da gurbi 6 a kowane layi yana da gurabe 30. Ka ba su lamba daga 0 zuwa 29. Don sanin layin gurbi, raba lambarsa da 6 ka jefar da ragowar. Ragowar kuma ita ce matsayinsa a layin. Gurbi na 17 yana layi na 2, matsayi na 5, idan ka fara ƙirga layi da matsayi daga 0. Maƙwabcinsa na sama a debe 6, na ƙasa a ƙara 6. Wahalar tana wajen gano an jera uku, da kuma hana gurbin ƙarshen layi ya ɗauki na farkon layi na gaba a matsayin maƙwabci. Kafin ka rubuta dokokin, je ka zauna da dattawan da ke bugawa a bakin hanya, ka gaishe su, ka tambaye su, domin dokokin sukan ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri.

Malam, duk sunayen da kake kira na Turawa ne. Mu ba mu da rabo a lissafin nan?

Muna da shi, kuma a garin nan ma. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine ne kamar yadda sunansa ya nuna. Ya yi tafiya gabas, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741. Ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake gina hatimin lambobi mai gidaje mara, kamar uku-uku ko biyar-biyar a layi, irin wanda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimilla ɗaya. Masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Abin da ya tsara, matakai ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a cike gidajen, wato abin da a yau ake kira algoridim. Ita kanta kalmar daga sunan al-Khawarizmi ta fito, malamin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kalmar aljabara kuma daga sunan littafinsa.

Aikin da nake ba kowane sabon rukuni shi ne su rubuta umarnin da zai karɓi lambobi 1 zuwa 9 a gidaje uku sau uku, ya duba ko kowane layi ya ba da 15. Yana yi mini ciwo cewa ɗalibi zai gama sakandare a Katsina bai taɓa jin sunan mutumin nan ba.

Ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni.

Fara da ita. Pydroid 3 yana ba ka damar rubuta Python da Pygame a wayar Android, Godot ma yana da na Android. Rubutu a ƙaramar fuska yana gajiyarwa, ƙaramin allon rubutu na waje zai taimaka sosai.

Ga mai kwamfuta ko da tsohuwa ce, Godot nake ba da shawara. Kyauta ne, ba shi da nauyin saukewa, harshensa GDScript ya yi kama da Python, kuma bayanin umarninsa yana cikinsa, ba sai da data ba. Unity yana da ƙarfi amma ya fi cin data da wuri. Yara ƙanana su fara da Scratch. GeoGebra kuma yana da amfani wajen ganin siffar fomula kafin a saka ta a gem. Idan aka ɗauke wuta, takardar giraf da biro sun isa a yi rabin aikin.

Baba yana ganin ɓata lokaci nake yi. Me zan ce masa?

Kada ka yi gardama da shi. Abin da ya sani game da gem shi ne yaran da ke wuni a gidan gem sun bar karatu da aike, kuma damuwarsa tana kan hanya. Ka bari ya natsu bayan sallar isha'i, ka kawo littafin fiziks ɗinka da takardar da ka yi lissafin tsalle a kai, ka nuna masa fomular a littafi, ka nuna masa ita tana aiki a waya. Ka ce, "Baba, ba bugawa nake yi ba, haɗawa nake koyo, kuma karatun makarantar ne." Sannan sakamakon jarrabawarka ya gaskata ka. Lissafi da fiziks ɗin nan su ne dai ake nema ga mai son karanta kimiyyar kwamfuta ko injiniyanci, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a ta Dutsin-Ma ko a wani wuri. Kada kuma ka yi masa alkawarin kuɗi nan kusa. Samun kuɗi da gem abu ne mai wuya ko a ƙasashen da sana'ar ta kafu.

Idan abu ya ƙi aiki kuma ban san dalili ba, daga ina zan fara?

Daga print. Sa gem ya riƙa rubuto maka gudu da matsayi a kowane firam, ka lissafa firam uku na farko da biro, ka kwatanta. Inda lambobinka suka rabu da nasa, nan kuskuren yake. Ka canza abu ɗaya tak kafin kowane gwaji, in ka canza uku abin ya gyaru ba za ka san wanne ne ya gyara ba. Ka duba abubuwa huɗun da suka fi kama mutane: delta, alamar y, radiyan, da ma'auni.

Akwai na biyar da ke ɓoye. Kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo daidai cif. Rubuta 0.1 + 0.2 a Python, za ta ba ka 0.30000000000000004. Don haka kada ka ce mutum ya tsaya idan matsayinsa ya yi daidai da 100, yana iya tashi daga 99.7 ya dira a 100.4 ya wuce abinsa. Ka ce ya tsaya idan ya kai ko ya wuce 100, sannan ka mayar da shi kan 100 ɗin da kanka.

Idan duk ka yi waɗannan bai gyaru ba, buɗe sabon fili, ka saka ƙwallo ɗaya da ƙasa ɗaya, ka sake gina matsalar ita kaɗai. Ranar Asabar ka zo mini da wannan ƙaramin filin da takardar lissafinka, mu duba tare.